DANDAMALIN TASHAR JIRGIN ƘASA

Duk wanda ya taɓa tafiya a jirgin ƙasa ya san dandamalin nan da a ke ginawa a gefen dogo, inda fasinja su ke tsayawa da kayansu suna jiran jirgi. Amma ba kowa ne ya taɓa tambayar dalilin da ya sa aka yi shi haka ba. Idon matafiyi yana kan inji da agogon tasha da ƙunshin kayansa. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kuwa bai dame shi ba, sai fa ran da ya yi tuntuɓe. Alhali a cikin dukan ginin tasha babu wurin da a ke aunawa da inci kamar bakin dandamali, gama nan ne jikin ɗan Adam ya ke kusantar ƙarfe mai tafiya har tsakaninsu ya rage taki guda.

Dandamali ba ya zaɓar wa kansa ma'auni. Iyayengiji biyu gare shi, watau tarago da ƙafar mutum, kuma tilas ne ya bi su duka biyu. Abubuwa huɗu a ke aunawa: tashinsa daga kan ƙarfen dogo, da faɗinsa, da tsawonsa, da ratar da ke tsakanin bakinsa da ƙofar tarago. Sa'an nan akwai wani abu da magina na farko ba su hango ba. In an gina dandamali ya kan daɗe fiye da jiragen da aka gina shi dominsu, har ya zama shi ne ya ke yanka wa jiragen jikoki ma'auni. Tarihinsa duka yana nuna haka, daga manyan tashoshin Ingila har zuwa 'yan ƙananan tashoshin kwaikwayo da masu sha'awa su ke ginawa bisa tebur.

ZAMANIN DA BABU DANDAMALI

A Ingila jirgin ƙasa ya fara. Cikin 1825 aka buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington, domin jan kwal. Mutanen da su ke son tafiya bisa wannan dogo kuwa, shekarun farko doki ne ya ke jan taragonsu, kuma a masaukin baƙi su ke yankan tikiti, kamar yadda aka saba da keken doki. Taragun farko ma siffar keken dokin aka ba su, aka aza bisa ƙafafun ƙarfe. Mai shiga sai ya kama ƙofa ya taka matakala ya hau daga ƙasa. Ko tashar Mancesta ta 1830, wadda gininta ya ke nan har yanzu, an yi mata ɗakin jira na 'yan faskila dabam da na sauran fasinja, amma ba a yi mata dandamali irin na yau ba.

Ran 15 ga Satumba 1830 aka yi bikin buɗe hanyar Libaful zuwa Mancesta, wadda George Stephenson ya gina. Firayim Minista na lokacin, Duke na Wellington, yana cikin manyan baƙi. Da aka kai wani wuri wai shi Parkside, wajen mil 17 daga Libaful, jirgin manyan baƙi ya tsaya don inji ya sha ruwa. An riga an gargaɗi fasinja kada kowa ya sauka, amma mutane da dama suka sauko suka tsaya bisa ɗaya dogon suna taɗi. A cikinsu akwai William Huskisson, wakilin Libaful a Majalisar Dokoki, wanda ya zo gaida Firayim Minista a bakin taragonsa. Ana cikin haka sai ga injin nan mai suna Rocket ya taho bisa dogon da su ke tsaye. Kowa ya yi ta kansa. Huskisson ya ruɗe, ya kama ƙofar tarago zai hau, ƙofar ta buɗe ta juya da shi gaban injin, ya faɗi, aka take masa ƙafa. Stephenson da kansa ya tuƙa injin da ya kai shi garin Eccles neman magani, amma bai kwana ba.

Ba mutuwar mutum guda ce ta haifi dandamali ba, amma ta nuna wa kowa abin da ke tafe. Jirgi ba doki ba ne da za a ja masa linzami ya kauce. Tun da ba zai kauce ba, dole a yi wa mutum wurin tsayawa nasa, wanda ya rabu da dogo sarai, wanda ko baƙon da bai taɓa ganin jirgi ba zai gane iyakarsa da ido.

YADDA AKA FARA TSARA SHI

Cikin 1837 aka buɗe tashar Euston a Landan. Dandamali biyu aka yi mata, ko wanne ƙafa 420, ɗaya na jirage masu tashi, ɗaya na masu isowa, don kada mai shiga da mai fita su yi karo. Wannan tsari ya yi kyau muddin jirage kaɗan ne a yini. Da suka yawaita sai aka ga jirgi ya iso ya tarar ba wurin tsayawa, alhali ga dandamalin tashi can babu kowa.

Wani gwanin injiniya mai suna Isambard Kingdom Brunel ya zo da tasa dabara. A tashar Reading, cikin 1840, ya lura garin yana gefe guda ne na dogo, saboda haka ya jera dandamalin jiragen Landan da na jiragen yamma duka a gefen gari, don kada fasinja ya tsallake dogo. Ya sauƙaƙe wa mutum, amma ya wahalar da jirgi, gama tilas jiragen hannu guda su ratsa hanyar 'yan'uwansu kafin su iso bakin dandamali. Da zirga-zirga ta ƙaru, jinkiri da hatsarin karo suka sa aka rushe wannan tsari. Sauransa yana nan a Kambirij, inda dogon dandamali guda ya ke ɗaukar jirgi biyu a jere, ba a kuwa ƙara mata na tsakiya ba sai cikin 1911 da shekara ɗari, watau 2011.

A hankali aka tsaya bisa iri uku. Akwai na gefe, inda ko wane dogo ya ke da nasa, suna fuskantar juna. Akwai na tsakiya, mai kama da tsibiri, dogo ta dama dogo ta hagu. Wannan yana rage kuɗin rumfa da ma'aikata, yana kuma sauƙaƙe wa mai canjin jirgi, amma ba a isa gare shi sai ta gada ko ta ƙarƙashin ƙasa, kuma da wuya a faɗaɗa shi daga baya tun da dogo ya kewaye shi. Na uku shi ne na lungu, inda dogo ya ke shigowa ya ƙare, domin jiragen ƙananan rassa.

Cikin 1840 Gwamnatin Ingila ta yi doka ta naɗa sufetocin reluwe, aka ɗebo su daga hafsoshin injiniyoyin soja. Cikin 1842 aka ƙara musu iko, ya zama suna iya hana a buɗe sabuwar hanya ga fasinja in ba su yarda da aikinta ba. Su ne kuma su ke binciken hatsari, su rubuta dalilinsa. Daga cikin wannan bincike ƙa'idodin dandamali suka taru, ɗaya bayan ɗaya. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 6, na tsakiya kuwa ƙafa 12. Ginshiƙin rumfa ko na fitila kada ya matso baki fiye da ƙafa 6, don kada ƙofar tarago da ke buɗe ta matse mutum a jikinsa. Ƙarshen dandamali a yi shi gangare mai sauƙi, kada a yanke shi tsaye, don wanda ya sauka da dare kada ya afka. A tashoshi masu jama'a kuma a yi gada, a hana tsallaken dogo. Ko wace ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idodi, in an bi sawunta, a kan tarar wani ne ya ji ciwo kafin a rubuta ta.

MAGANAR TASHI

A nan ne ƙasashe suka rarrabu. Dandamalin Ingila na farko gajere ne, aka yi ta ɗaga shi har ya tsaya ƙafa 3 daga kan ƙarfen dogo, watau milimita 915. Taragunsu na dā an rarraba su ɗaki ɗaki, ko wane ɗaki da ƙofarsa a gefe, saboda haka dandamali mai tashi ya dace da su. A Faransa da Jamus da sauran ƙasashen Turai kuwa an fi yin gajere, don ya fi araha, fasinja su hau da matakala. Yanzu ƙasashen Tarayyar Turai sun shirya a kan ma'auni biyu, milimita 550 da milimita 760. A Rasha akwai gajere na milimita 200 da mai tashi na milimita 1,100. A Amurka akasarin tashoshin karkara inci 8 ne kawai, har gadi ya kan sauko da 'yar kujerar takawa ya ajiye wa fasinja, amma a manyan biranen arewa maso gabas dandamali ya kai ƙafa 4, daidai da daɓen tarago. Jiragen Japan masu gudun tsiya, waɗanda suka fara aiki cikin 1964, nasu milimita 1,250 ne.

Ko wanne da ribarsa da hasararsa. Gajere ba ya cin kuɗi, kuma ko wane irin jirgi ya iya wucewa ta gabansa, har wagunun kaya masu faɗi. Amma tsohuwa da mai goyo da mai ɗauke da kaya su ne su ke biyan kuɗin da aka rage, da gwiwoyinsu. Jirgi kuma yana daɗewa a tsaye, gama mutum ɗari masu hawan matakala uku uku ba su gama shiga da wuri. Mai tashi yana sa a shiga da sauri, amma yana ƙuntata wa jirgi. Dandamalin Ingila ya tashi, ya kuma matso kusa da dogo, ga gadoji da ramukan duwatsu da aka yi su ƙanana tun zamanin farko. Shi ya sa har yau jiragen Ingila ba su kai na Faransa da Jamus faɗi da tashi ba, ko da ya ke faɗin dogonsu ɗaya ne, ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Jirage masu bene, waɗanda su ke cike da hanyoyin Faransa da Jamus, ba su da wurin wucewa a tsofaffin hanyoyin Ingila. Maginan da suka mutu tun shekara 150 da suka wuce su ne har yanzu su ke faɗa wa maƙeran jirgi iyakar da za su tsaya.

Faransawa ma sun ɗanɗana wannan. Cikin 2014 labari ya fito cewa an yi odar sababbin taragu kusan 2,000 domin hanyoyin larduna, ashe ma'aunin da aka ba maƙera na sababbin tashoshi ne, an manta da tsofaffi waɗanda aka gina sa'ad da jirage ba su da faɗi haka. Ala tilas aka bi dandamali wajen 1,300 ana sassaƙe musu baki, aikin da aka ƙiyasta kuɗinsa Yuro miliyan 50. 'Yan santimita kaɗan ne suka jawo wannan hasara.

RATA A KAN KWANA

Ko an daidaita tashi, sauran rata. Ba shi yiwuwa a manna dandamali da jikin tarago, domin jirgi yana rangaji in yana gudu, dole a bar masa wurin motsi. A miƙaƙƙen dogo wannan rata 'yar kaɗan ce. Wahala tana kan kwana. Dogo yana lanƙwasa, tarago kuwa sanda ne, ba ya lanƙwasa. Mai karatu ya iya gwadawa da kansa: ya zana baka a ƙasa, ya aza kara bisa zanen. Zai ga tsakiyar karan ta faɗo cikin bakan, bakunansa biyu kuwa sun leƙa waje. Haka tarago ya ke yi. In dandamali yana cikin kwana, sai a ja shi baya don cikin tarago ya wuce, rata ta buɗe a wajen ƙofofin ƙarshe. In yana bayan kwana, sai a ja shi baya don kusurwoyin tarago, rata ta buɗe a tsakiya.

Abin yana da lissafi. A ɗauki taragon Ingila wanda tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya ƙafa 46 da rabi ne. A sa shi bisa kwanar da in an cika ta ta zama da'ira, daga cibiyarta zuwa bakinta yadi 220. Tsakiyar wannan tarago za ta kauce daga tsakiyar dogo kusan inci 5. In aka haɗa da ratar da aka bari tun asali, ga rami ya samu wanda ƙafar yaro za ta shige. Saboda irin wannan ne, tun wajen ƙarshen shekarun 1960, aka ɗauki murya a na'ura a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan tana gargaɗin fasinja su lura da rata, musamman a tsofaffin tashoshi masu kwana. Masu tsara sababbin tashoshi kuwa sun ɗauki darasi, suna neman miƙaƙƙen wuri tun kafin a aza tubali, gama rigakafi ya fi magani.

TSAWO DA CUNKOSO

Tsawon dandamali jirgi ne ya ke faɗarsa: jirgi mafi tsawo da zai tsaya a tashar, da ɗan ƙari don direba ya sami wurin taka birki. In ya gaza, taragun baya su kan tsaya a fili, fasinja ya buɗe ƙofa cikin duhu yana zaton akwai daɓe. A Indiya, inda jirgin fasinja ya fara tun 1853 tsakanin Bombai da Thane, a kan ja tarago fiye da 20 a jirgi guda, saboda haka can ne dandamali mafi tsawo su ke. Na Gorakhpur mita 1,366 ne, na Hubballi kuwa, wanda aka buɗe cikin 2023, mita 1,507, watau ya yi kusan mil guda.

Faɗi kuma jama'a ce ta ke faɗarsa, ba kuwa jama'ar ko wace rana ba, ta ranar da jirgi biyu suka iso tare ana ruwan sama. Dandamali kamar tulu ne, bakinsa shi ne matakalar gada. Kome girman tulu, in bakinsa ƙarami ne ruwa ba ya fita da sauri. Ran 29 ga Satumba 2017, a tashar Elphinstone Road ta birnin Bombai, wanda yanzu a ke kira Mumbai, ruwa ya tsuge da safe, mutane suka fake a matakalar wata ƙuntatacciyar gada, jirage suna ta sauke waɗansu a bayansu. Aka yi turmutsitsi, mutum 23 suka rasu. Ba jirgin da ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

A NIJERIYA

Dogon da ya taso daga Ikko ya isa Badun cikin 1901. A Arewa kuwa Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya sa aka ja wani daga Baro a bakin Kwara, ya isa Kano cikin 1911, aka haɗa hanyoyin biyu a Minna. Daga baya dogo ya kai Kaura Namoda cikin 1929, Nguru cikin 1930, Maiduguri cikin 1964. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, ƙarami bisa ga na Ingila, an zaɓe shi don araha. Abin da aka fi nufi da shi kaya ne, auduga da gyaɗa da kuza da fatu, a kai su bakin teku. Saboda haka ƙarfin aikin tasha ya tafi ga sito da sikeli da layin lodi. Dandamalin fasinja aka yi shi gajere, a ƙananan tashoshin daji ma sau da yawa daɓe ne kawai ko tsakuwa, mai shiga ya miƙa kayansa sa'an nan ya kama ƙarfe ya hau.

Jama'a kuwa suka mai da wurin abin da magina ba su tsara ba. Dandamali ya zama kasuwa, 'yan talla suna ɗaga faranti zuwa tagar tarago kafin jirgi ya busa. Ya zama masauki ga wanda jirginsa ya yi latti, ya zama wurin rakiya da taryen baƙi, inda fasinja guda ya kan zo da mutum biyar. Mai auna faɗin dandamali a irin wannan ƙasa, in ya ƙidaya masu tikiti kaɗai, ya yi kuskuren lissafi.

Zariya ta ga wata wahalar dabam. Ƙaramin dogon da aka ja daga can zuwa Jos domin kuza, wanda ya isa cikin 1914, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne. Taragonsa ba ya hawa babban dogo, saboda haka mutum da kaya duka sai an sauke su a Zariya an sake lodi, har aka rufe shi cikin 1957. Irin wannan ta faru a Gloucester ta Ingila, inda faffaɗan dogon Brunel mai ƙafa 7 ya gamu da na Stephenson, rikicin canjin jirgi ya kai har Majalisa ta yi dokar faɗin dogo cikin 1846. Yau ma Nijeriya tana da faɗi biyu, gama sabon dogon Abuja zuwa Kaduna na 2016, da na Ikko zuwa Badun na 2021, irin na Stephenson ne, taragun tsohon dogo ba su hawansa.

TASHA BISA TEBUR

Yaran ƙasar Hausa su kan sassaƙa mota da ɓargon kara ko gwangwani. A Turai ma akwai irin wannan sha'awa, sai dai can har dattawa suna yi, kuma da ma'auni su ke yi. Cikin 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna 'yan jiragen kwaikwayo masu dogo mai ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig. Frank Hornby na Libaful ya fito da nasa masu wani cikin 1920, cikin 1938 kuma kamfaninsa ya fito da ƙanana waɗanda za su zauna bisa tebur. Ba duka wasa ba ne. Wajen 1912 wani kamfanin reluwe ya sa aka ƙera masa tasha da dogo na kwaikwayo a Mancesta don koya wa masu sigina aiki, aka yi shekara fiye da 80 ana koyarwa da su, yanzu suna gidan tarihin reluwe na York.

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne wanda a ke kira HO, inda a ke rage kome sau 87, faɗin dogo ya zama milimita 16 da rabi. Ingilishi kuwa nasu OO ne, sau 76, watau milimita 4 a madadin ƙafa guda, amma bisa wannan dogo ɗin dai. Dalili shi ne jiragensu na gaske ƙanana ne, kamar yadda aka ambata, in an rage su sau 87 injin lantarki na wancan zamani ba ya shiga cikinsu. Sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda ya ke, ya zama ya gaza na gaskiya da inci 7. Ashe ƙuncin da tsofaffin magina suka bari ya bi jirgi har kan tebur. Mai son kwaikwayon tsohon dogon Nijeriya kuwa, in ya rage kome sau 64, wannan dogo mai milimita 16 da rabi zai yi masa daidai.

Mai gina tasha a OO da ƙa'idar sufetocin nan ya ke aiki. Tashin dandamali ƙafa 3 ya zama milimita 12 daga kan ƙarfen dogo, ba daga kan tebur ba. Wanda ya manta da kaurin dogo da abin da aka shimfiɗa ƙarƙashinsa, dandamalinsa zai nutse. Faɗin ƙafa 6 ya zama milimita 24, na tsakiya 48. Wahalar tana wajen tsawo. Tarago guda ya kai milimita 258, saboda haka jirgi mai tarago 8 da injinsa yana bukatar dandamali kusan ƙafa 8 na gaske, abin da ɗakin mutum ba safai ya ke ɗauka ba. Gwanaye su kan rage jirgin zuwa tarago 3 ko 4, ko su kwaikwayi 'yar tashar ƙauye, ko su sa gada ta rufe ƙarshen dandamali, ido ya ɗauka ya ci gaba. Tsawo a ke ragewa. In aka rage faɗi ko tashi, da an tsai da ɗan mutum-mutumi a kai sai ƙarya ta bayyana.

Kwana kuwa ta fi tsanani a tebur. Kwanar da a ke sayarwa ta yau da kullum, daga cibiya zuwa baki milimita 438 ce, wadda in an mai da ita ta gaske ba ta wuce yadi 36 da rabi ba, babban jirgin fasinja ba ya bin irinta. A kanta tsakiyar taragon nan tana kaucewa kusan milimita 10, daidai da ƙafa 2 da rabi. Da mutanen tebur suna da rai, da ba mai shiga jirgi sai da tsalle. Dabarar masu aikin ita ce su shimfiɗa takarda a gefen dogo, su ɗaura fensir a tsakiyar tarago mafi tsawo su tura shi ya zana layi, su sake ɗaura shi a kusurwar gaba su zana wani, sa'an nan su yanka kwali ko katako a bayan layin da ya fi nisa. Injiniyan gaske ma abin da ya ke yi ke nan, sai dai shi da lissafi da na'urar awo. Su biyun kuma maganinsu ɗaya ne, a sa tasha a miƙaƙƙen wuri.

WANDA AKA MANTA DA SHI

Shekara fiye da 100 ana auna dandamali da ƙafar mutum mai lafiya mai gani. Daga baya aka tuna da sauran. Cikin 1965 wani mutumin Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙago tubali mai ƙuraje wanda makaho zai ji da tafin ƙafa ko da sanda. Aka fara shimfiɗa shi a titin birnin Okayama cikin 1967, yau ga shi a bakin dandamali a ƙasashe da yawa. A Leningrad ta Rasha cikin 1961, da Singafo cikin 1987, aka yi tashoshi masu bango da ƙofofi a bakin dandamali, ba su buɗewa sai jirgi ya tsaya. A wata 'yar tasha mai suna Harrington a arewacin Ingila, inda dandamali ya yi ƙasa ƙwarai kuma ba kuɗin sake shi, cikin 2008 aka ɗaga ɗan yanki guda kawai daidai inda ƙofa ta ke tsayawa, aka yi masa gangare, mai keken guragu da tsoho suka sami hanya. Duk waɗannan gyara ne na abin da aka riga aka gina, gyara kuwa ya fi ginin farko tsada.

Cikin 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Dandamalin da aka zuba wa kankare a irin waɗannan tashoshi zai ga jirage iri iri sun zo sun tsufa yana nan. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Lokacin tambayar ko tsohuwa mai sanda za ta iya shiga tarago ba tare da an ɗaga ta ba, da ko matakalar gada za ta ɗauki jama'ar jajiberen Salla, shi ne sa'ad da tashar ta ke bisa takarda, inci ɗaya bai fi ƙarfin fensir ba tukuna.